Dutar: Tarihi da Ire-iren Garayar Mutanen Asiya ta Tsakiya

Gabatarwa

Tun da na ajiye aikin gwamnati nake bin diddigin kayan kiɗa masu tsirkiya. A cikin wannan bincike na ci karo da dutar, abin kiɗa mai dogon wuya na mutanen Asiya ta Tsakiya. Sunan daga harshen Farisanci yake: "du" biyu, "tar" tsirkiya. Wanda ya san garaya ko gurmi zai gane siffarsa nan take, ko da yake kamanni ne kawai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tarihin kowace al'umma ya bar alama a jikin tsirkiyar dutar ɗinta.

Asali da Ƙira

Sunan dutar ya bayyana a rubuce tun ƙarni na 15 Miladiyya. Ana yin ƙoƙonsa da icen tut, watau bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta. A da, da hanjin dabba ko zaren siliki ake murɗa tsirkiyar. Ashe ke nan bishiya guda ce ke ba da ƙoƙon, ta kuma ciyar da tsutsar da ke ba da tsirkiyar. A jikin wuyan akwai ɗaure-ɗaure a jere inda makaɗi ke danna yatsa don sauya murya. Galibi da yatsu ake kaɗa shi.

Ire-irensa

Na Turkumawa, mutanen Turkumenistan, gajere ne, bai kai mita guda ba, kuma daga gungume ɗaya ake sassaƙa ƙoƙonsa. Yana da ɗauri 13. A ƙarni na 20 suka bar siliki suka koma wayar ƙarfe. Mawaƙansu, da ake kira bakshi, da shi suke rera labarin jarumi Gorogli da waƙoƙin Magtimguli, sha'irinsu na ƙarni na 18.

A yankin Khurasan na ƙasar Iran ma akwai bakshi, masu waƙa da Turkanci da Kurdanci da Farisanci. Fitacce a cikinsu shi ne Haji Kurban Sulaimani, wanda ya rasu a 2008.

Na Uzbekawa da Tajikawa ya fi girma, kuma da siraran katako ake harhaɗa ƙoƙonsa. Muryarsa mai taushi ce, mata kuma sun daɗe suna kaɗa shi a cikin gida. A zamanin Tarayyar Sobiyet, daga shekarun 1930, an sake masa tsarin ɗauri don ya dace da ma'aunin kiɗan Turai, aka ƙera manya da ƙanana saboda ƙungiyoyin makaɗa na gwamnati.

Na Uigurawa, mazauna yankin Shinjan na ƙasar Sin, shi ne mafi tsawo duka, ya haura mita guda.

Wanda ya fi sauyawa shi ne na birnin Herat a Afganistan. Daga tsirkiya biyu ya koma uku na ƙarfe. Wajen 1965 Muhammad Karim Herawi, makaɗi a gidan rediyon Kabul, ya mai da shi mai tsirkiya 14, ya ari salon tsirkiyoyi masu amsa amo daga wani abin kiɗa mai suna rubab. Sunan dai bai sauya ba: ana ce masa mai tsirkiya biyu alhali yana da 14.

Kammalawa

Hukumar UNESCO ta sanya kiɗan bakshi na Khurasan cikin jerin al'adun duniya a 2010, dutar na Iran a 2019, na Turkumenistan kuma a 2021. A Herat kuwa, hukumomin Taliban sun tara kayan kiɗa sun cinna musu wuta a watan Yulin 2023.

Shawarata ga malaman makaranta ita ce, idan sun samu tsohon makaɗi, su tambaye shi da me ake yin tsirkiyarsa a da, yaushe aka sauya, kuma wa ya koya masa. Su rubuta amsar tun yana raye, domin a irin waɗannan ƙananan tambayoyi ne masana suka tono tarihin dutar.