Ko Ka Sani? Tsuntsun da Ke Fassara Kalmar "Rival"

Malaman lugga na Turai sun tabbatar da cewa kalmar nan "rival", wadda Ingilishi ke kiran abokin hamayya da ita tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, asalinta daga Latin ne, daga "rivus", wato rafi. Domin a shari'ar Rumawan dā mutanen da gonakinsu ke shan ruwa daga magudana guda su ake ce wa "rivales", kuma duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da kan shiga tsakanin na sama da na ƙasa ran da ruwa ya ja baya. Har a zamanin Shakespeare kalmar ba ta gama rabuwa da ma'anar tarayya ba, gama a cikin wasan Hamlet an yi amfani da ita ga abokan gadi. Bahaushe ma, in an lura, yakan sa "aboki" a gaba wajen ambaton mai ja da shi: abokin gāba, abokin takara.

To, akwai wani tsuntsun fadama, mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa ke kira "ruff", da rayuwarsa ta tattara ma'anonin nan biyu. Da kaka ta yi yakan baro arewacin Turai da Sibiriya, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, inda za ka gan su dubbai, launin ƙasa-ƙasa, maza da mata a haɗe, suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi, ba mai ko ɗaga kai ya dubi ɗan'uwansa. Wanda ya san su a nan kaɗai zai yi mamakin jin cewa Linnaeus, a shekarar 1758, ya laƙaba musu sunan "pugnax", ma'ana mafaɗaci.

Amma da sun koma gida da bazara sai al'amari ya sauya. Namiji yakan tsiro da geza a wuya da tukku biyu a ka, kowane da irin launinsa, su hallara a dandali guda, kowa ya kama ɗan filin da bai kai faɗin tabarma ba, ya yi ta tsalle da shuri da sara a kansa, kusan ba tare da kuka ba, alhali matan suna gefe suna nazari kamar masu kallon dambe. Galibinsu haka suke. Akwai kuma kashi na biyu, masu farar geza, waɗanda ba su da fili, sai dai su raɓu da mai fili, shi kuwa ya haƙura da su, saboda haɗuwarsu na jawo mata. Ga tarayya, ga kishi, a tabarma ɗaya.

Na ukun shi ne abin al'ajabi, kuma bai bayyana ga masana ba sai a 2006, ta hannun wani manomi mai lura a ƙasar Holan. Wannan namijin ba geza, ba tukku, kamanninsa na mace ne sak, bai fi ɗaya cikin ɗari ba. Yakan shige cikin mata ba wanda ya tanka masa, ya jira mazaje su shagala da faɗa, sa'an nan ya biya bukatarsa. Ba dabara ce da ya koya ba, gado ne: an gano cewa wani yanki na ƙwayar halittarsu ne ya juye tun kimanin shekara miliyan 4 da suka wuce, kuma da halin da aka ƙyanƙyashe kowanensu, da shi zai mutu.