Ko Ka Sani? Tsutsar da Ta Tona Wani Asirin Sankarar Mama

Akwai wata tsutsa mai tsawon kusan milimita 1, tana rayuwa cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da juji, abincinta ƙwayoyin bakteriya. Masana na kiranta Caenorhabditis elegans, a taƙaice C. elegans. Ba ta cizo, ba ta zama a cikin mutum, manomi ma bai san da ita ba. Amma binciken da aka yi da ita ya jawo lambar yabo ta Nobel har sau huɗu, a 2002 da 2006 da 2008 da 2024. Ta ƙarshen nan ce ta shafi ciwon da ya fi kowane irin daji kama mata a duniya, wato sankarar mama.

A ƙasar Aljeriya aka fara bayyana wannan tsutsa, a 1900, ta hannun Émile Maupas, wani Bafaranshe mai kula da ɗakin karatu a birnin Aljas. Ta zauna ba wanda ya damu da ita sosai har shekarun 1960, lokacin da Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Kambirij ta Ingila, ya zaɓe ta don bincike. Dalilinsa a fili yake. Jikinta garau ne, idan aka ɗora ta a madubin ƙara girma ana ganin duk abin da ke gudana a ciki. Kwana 3 kawai take yi daga ƙwai zuwa balaga, kuma guda ɗaya kan yi ƙwai kusan 300 ba tare da namiji ba. Sannan ƙwayoyin halittar da suka gina jikin baligar a ƙirge suke, 959 daidai. John Sulston ya zauna yana bin rabuwarsu ɗaya bayan ɗaya har aka san asalin kowace.

Tambayar da ake son tsutsar ta amsa tsohuwa ce. Ƙwayar halittar ido da ta hanta da ta nono duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, yaya kowace ta san aikinta, ta kuma san lokacin da za ta yi shi?

A ɗauki DNA a matsayin kundin umarni da ke ajiye a fada, ba ya fita waje. Idan ana bukatar wani aiki, sai a kwafi shafin da ya dace a ba ɗan aike, wanda masana ke kira mRNA, ya kai wa masu ƙera furotin. Furotin shi ne mai yin aikin. Har zuwa farkon shekarun 1990, abin da aka fi sani shi ne a bakin fada ake yanke hukunci: ko a kwafi shafin, ko a bar shi a rufe. Idan ɗan aike ya fita, ana ganin magana ta ƙare.

Victor Ambros da Gary Ruvkun sun haɗu a ɗakin binciken Robert Horvitz a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, suna nazarin wasu tsutsotsi da girmansu ya rikice. Lafiyayyar tsutsa kan bi matakai huɗu na ƙuruciya kafin ta balaga. Wadda ƙwayar gadonta mai suna lin-4 ta lalace kuwa sai ta yi ta maimaita ayyukan matakin farko. Jiki na tsawo, amma wasu ƙwayoyin halittar sun tsaya a jarirantaka, har ba ta samun ƙofar da za ta fitar da ƙwai. Wadda lin-14 ɗinta ya lalace tana yin akasin haka, ta tsallake matakin farko gaba ɗaya. An gane cewa lin-4 ke danne lin-14, sai dai ba a san ta yaya ba.

Ambros da abokan aikinsa biyu, Rosalind Lee, wadda matarsa ce, da Rhonda Feinbaum, suka yi shekaru suna neman furotin ɗin da lin-4 ke samarwa. Babu shi. Abin da suka tarar ɗan guntun RNA ne mai haruffa 22 kacal, alhali ɗan aike na yau da kullum kan ɗauki haruffa ɗaruruwa ko dubbai. A watan Yunin 1992 Ambros da Ruvkun suka yi musayar jerin haruffan da kowa ya samo, sai ga shi guntun lin-4 ya dace da wasu gurabe a wutsiyar saƙon lin-14. Ashe ɗan guntun nan tare ɗan aike yake yi a hanya, ya manne masa, saƙon ya kasa zama furotin. Suka wallafa sakamakon a mujallar Cell a watan Disambar 1993.

Duniya ta yi shiru. Yawancin masana sun ɗauka wani abin ban mamaki ne da ya keɓanta da tsutsa. Sai a shekarar 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano guntu na biyu, let-7, wanda idan ya lalace tsutsar kan fashe a daidai lokacin da za ta balaga. Da suka bincika sauran dabbobi, sai suka same shi a ƙuda da kifi da mutum, kusan ba tare da canjin harafi ba. Daga 2001 aka soma kiran waɗannan guntaye maikuro-RNA, kuma yanzu an san mutum na da ƙwayoyin gadonsu fiye da 1,000.

A nan labarin ya haɗu da ciwon daji, kuma haɗuwar ba ta bazata ba ce. Ƙwayar sankara, a wani ɓangare, ƙwaya ce da ta ƙi nutsuwa ta kama aikinta, ta ci gaba da rabuwa, irin matsalar da aka gani a tsutsar da ta ƙi girma. A 2002 Carlo Croce da George Calin suka nuna cewa wasu maikuro-RNA biyu, miR-15 da miR-16, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu wani nau'in sankarar jini. A 2005 ɗakin binciken Croce ya auna ƙarin nono ya kwatanta da lafiyayyen nama, ya ga miR-21 da miR-155 sun yi yawa, miR-125b da miR-145 sun yi ƙasa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ɓarnar ta fuska biyu ce. Aikin maikuro-RNA dannewa ne, don haka alherinsa ko sharrinsa ya danganta da wanda ya danne. miR-21 na danne saƙon PTEN da PDCD4, furotin masu taka wa ƙari birki, shi ya sa yawansa ke ba ƙarin damar bunƙasa. let-7 kuwa yana danne RAS, furotin mai ingiza rabuwa, don haka ƙarancinsa ne matsala. A tsutsa aka fara ganin alaƙar let-7 da RAS, kafin a tabbatar da ita a mutum.

Mafi muhimmanci a ganina shi ne batun yaɗuwa, domin galibi ba ƙarin da ke cikin nono ke kisa ba, wanda ya tsallaka ƙashi da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa ne. A 2007 Li Ma da Robert Weinberg suka nuna cewa idan aka ƙara miR-10b a ƙwayoyin sankarar mama da ba sa yaɗuwa, aka dasa su a ɓeraye, sai su soma kutsawa cikin naman kewaye har su isa huhu. Dangin miR-200 suna yin kishiyar haka: suna danne saƙon furotin ZEB1 da ZEB2, ta yadda ƙwaya za ta ci gaba da manne wa maƙwabtanta. Idan suka ragu, sai ta saki, ta kama hanya. An kuma alaƙanta miR-221 da miR-222 da ƙarin da ya daina jin tamoxifen, maganin da mata da yawa ke sha shekaru bayan tiyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da wannan ciwo, 670,000 suka rasu. A Najeriya ma shi ne kan gaba a cikin sankarar mata, kuma da yawa sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti. Shi ya sa ake ɗokin gwajin jini mai sauƙi, tun da aka gano a 2008 cewa maikuro-RNA na yawo a jini ba tare da saurin lalacewa ba. Sai dai kada wani ya ruɗe ki da talla. Har yanzu wannan gwaji bai fita daga matakin bincike ba. Matar da ta ji kullutu a nononta, abin da zai raba gardama shi ne hoton nono da kuma gutsuren naman da likita zai ɗiba a duba.

Magani ma haka. An gwada wani mai suna MRX34, kwaikwayon miR-34, a kan masu ciwon daji da ya yi nisa, amma aka dakatar da gwajin a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan tashi, har aka rasa rayuka. Wahalar tana cikin halin guntun kansa: haruffa bakwai ko takwas kawai yake bukata su dace kafin ya manne, don haka maikuro-RNA ɗaya na iya taɓa saƙonni ɗaruruwa. Masu bincike na neman hanyar kai shi cikin ƙarin kaɗai, ba tare da ya bi ta hanta da ƙwayoyin garkuwa ya danne abin da ba a aike shi ba.