Lambun bayan ɗaki da karatun yamma: yadda gida zai ci ribar damina

Kai da ka saba jin muryarmu a rediyo, ko kana ruga ko kana rumfar kasuwa, yau ga mu a takarda. Wannan bayanin hirar da muka yi ne a shirinmu na daren Laraba kan zaman gida a watannin damina. Mun rubuta shi domin wanda bai kama tashar ba a ranar, da wanda ya ji amma yana son ya sake bi a hankali.

Me ya sa damina?

Daga watan Yuni zuwa Satumba abubuwa kan haɗu wa gida lokaci guda. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada. Kai makiyayi ka kora garke arewa, wajen Abalak, Tanut ko Ingal, don ka kauce wa gonakin mutane, kuma nonon da yara suka saba sha ya bi shanu. Kai ɗan kasuwa mai bin Jibiya, Illela ko Maigatari, ruwa ya ɓata hanya, ciniki ya ja baya. Tumatir kuwa ba ya son ruwan sama mai yawa, cuta ke kama shi, shi ya sa kuɗin cefane ke hawa.

A daidai wannan lokaci ne kuma makarantar boko, wato lakwal, ke rufe. A Nijar yara kan zauna gida daga ƙarshen Yuni har Oktoba, a Najeriya daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Yaron da ya fara haɗa baƙi, idan ya yi wata biyu ko uku bai ga takarda ba, sai ya koma aji kamar baƙo.

Ka ga ke nan tukunyar miya da karatun yaro tare suke shiga hatsari. Maganinsu kuma yana cikin gida, ba ya bukatar jari.

Wuri da shinge

Filin da tabarma uku za su rufe ya isa. Zaɓi inda rana ke bugawa daga hantsi zuwa azahar, nesa da makewayi, kuma ba ƙarƙashin indararo ba. Kada ka shuka a kwari. Ɗaga ƙasa ka yi kunya, domin ruwan marka idan ya kwanta kwana biyu saiwa ruɓewa take yi. Wanda ke haya a gari ba shi da fili, ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa ruwa ya riƙa fita, ya jingine shi jikin bango.

Kafin iri, shinge. Kai da ka san akuya ba sai an faɗa maka ba: aikin wata guda, loma goma ne a wurinta. A yi darni na kara ko shingen ƙaya. Mai son abin da zai daɗe ya dasa aguwa, tana kamawa daga reshe kuma dabba ba ta cinta, sai dai a hana yara wasa da ruwanta saboda ido. Kaji ma a yi musu dabara, su ne ke tone iri tun bai tsira ba.

Taki: dukiyar da ke ƙofar garke

Nan makiyayi ya fi kowa sa'a. Amma fa ɗanyen kashin shanu ko na awaki ba a zuba shi kai tsaye gindin shuka. Yana da zafi, yana ƙona saiwa, ga irin ciyawa a ciki. Wanda ya kwana biyu a turke, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu, shi ake nema. Idan sabo ne kake da shi, haƙa rami, ka jera shi da busasshiyar ciyawa da ɗan toka, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zai nuna. Shi ne na zagaye na biyu.

Abin da za a shuka

Kada ka wahalar da kanka da albasa. Albasar Galmi da ta yi suna aikin rani ce. Damina ta ganye ce da kuɓewa.

Alayyafo shi ne mai gaggawa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da yashi kafin a watsa don kada ya taru wuri guda. Mako uku zuwa huɗu an fara yanka. Idan ba a tumɓuke ba, aka yanke sama aka bar gindi, zai sake tohowa.

Rama da yakuwa ba su da fitina, suna jure ƙasa mai yashi. Ana tsinkar ganye ana kwaɗo ko miya, yakuwa kuma ta ba da zoɓo a ƙarshe.

Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu da shuka. Sirrinta tsinka: duk kwana biyu ko uku a cire. Idan aka bari ta tsufa a jiki, ta yi tauri, uwar kuma ta rage haihuwa.

Zogale shi ne babba. Mutanen Jiratawa, kusa da Maraɗi, sun daɗe da mai da shi sana'a. Jiƙa irin ya kwana, ka binne shi zurfin gaɓar yatsa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsira. Idan ya wuce gwiwa, tsinke kansa. Wasu na jin tausayi su ƙyale shi, sai ya miƙe kamar gora, ganye can sama inda hannu ba ya kai. Tsinke kai ne ke sa shi rassa. Ganyensa na ɗauke da sinadaran gina jiki da na ƙarin jini da na lafiyar ido, abin da yaro da mai shayarwa ke bukata daidai lokacin da nono ya yi nisa. Ba ya maye gurbin asibiti: yaron da ke ramewa ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi a duba. Bayan damina zogale ba ya mutuwa. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun ishe shi, ban da ruwan sabulun wanki.

Ke uwargida, abin da ya yi saura a shanya. Amma ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, domin rana na kashe amfaninsa. A baza shi sama-sama a tabarma mai tsabta, in an tara shi cikin laima fumfuna zai yi. Kuɓewa a yanka a busar don rani. A bar 'ya'ya biyu ko uku masu kyau su bushe a jiki, irin baɗi ke nan.

Ƙwari da sauro

Idan tsutsa ko ƙwari suka sauka, kada ka ɗauko ragowar maganin feshin wake, balle maganin kaska na shanu. Wannan ganye gobe za a ci shi. Samu ƙwallon bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, cikin hannu biyu. A daka, a jiƙa a bokiti ya kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa da yamma, a maimaita bayan mako. A wanke ganye sosai kafin dahuwa.

Sai batun sauro. Lambu ba ya haifar da sauro, ruwan da ya kwanta ne ke haifar da shi: kududdufi, tsohuwar taya, gwangwani, fasasshiyar tukunya. Ƙwan sauro na iya zama sauro cikin kwana goma ko ƙasa da haka. A cike rami, a kife gwangwani, a rufe randa. A kwana cikin gidan sauro, kuma idan ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a damina, a karɓa, a cika kwanakin shansa. Gidan sauro mai kyau na gado ne, wanda ya yage ya gama aiki shi ake yi wa shuka shinge da shi.

Karatun yamma

Mun san yaro ba zaman banza yake ba. Da safe yana gona ko kiwo, ga makarantar allo. Ba mu ce a taɓa ko ɗaya ba. Rabin sa'a muke nema, bayan la'asar, ko ranar da ruwa ya tsare kowa a ɗaki.

Ga yadda ake yi. Yaro ya karanta da ƙarfi, shafi ɗaya kawai. Sannan ya rufe littafi ya ba da labarin da bakinsa. Nan ake gane mai fahimta da mai haddar sauti. Kai da ba ka yi boko ba, kada ka ce ba ruwanka. Kunnenka ya isa. Tambaye shi wa ya yi, me ya sa ya yi, da kai ne me za ka yi. Yaron da ya ga babansa ko kakarsa sun bar abin da suke yi suna saurarensa, gobe shi zai ɗauko littafin da kansa.

Me za a karanta? Mai farawa, littafin Ka Koyi Karatu. Wanda ya iya, Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda tun shekarun 1930 ake karanta su, har yau kuma suna sa dariya. Kai mai zuwa Kano ko Katsina, ka sa ɗaya cikin tsaraba. In babu, littafin aji na bara, ko wannan takarda da ke hannunka.

Akwai wani ɗan tarnaƙi da ya shafe mu mutanen iyaka. Yaron da ya koyi baƙaƙe da Faransanci kan yi tuntuɓe a littafin Hausa. Nuna masa abu uku: inda ya saba ganin "ou", Hausa "u" take rubutawa, inda ya saba "ch", "sh" ne, inda ya saba "tch", "c" ne. Ai ka ga allon hanya an rubuta Tchadoua, mu kuwa Cadawa muke cewa. Sai baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ. Kwana kaɗan zai saba. Mai ajami kuma ya riƙe abinsa, rubutu ne cikakke.

Inda lambu da littafi suka haɗu

Saya wa yaro ƙaramin littafin rubutu, ka naɗa shi magatakardan lambu. Ya rubuta ranar shuka, ranar da aka yi ruwa, ranar tsira, kuɓewa nawa aka tsinka, da a kasuwa ne nawa za a saya, da sefa da naira. Layi biyu a rana. Ya yi rubutu, ya yi lissafi, kai kuma baɗi kana da shaidar abin da ya yi kyau a ƙasarka.

Daga nan a wuce ga takardun da ke ci maka kuɗi. Kwalbar maganin dabbobi na ɗauke da abu uku da ya kamata a karanta kafin a tsira allura: yawan da za a ba dabba gwargwadon nauyinta, wata da shekarar da maganin zai lalace, wanda ake rubutawa kusa da baƙaƙen EXP, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Haka rasit ɗin kwastan ko duwan, haka takardar allurar garke. Mutum nawa aka sayar wa maganin da ya lalace don babu mai dubawa? Yaron da ke karanta maka Ruwan Bagaja bana, shi zai duba maka kwalba baɗi.

To, mai karatu, kada ka jira sai komai ya kammala. Wannan mako a yi shinge, a nemo tsohon taki, a watsa alayyafo. Kai da ke daji da garke, idan ka samu layin waya ka kira gida, bayan ka tambayi lafiya, ka ce a ba yaron wayar ya karanta maka layi biyu daga littafin lambu.

A shiri na gaba za mu tattauna kan burtali da mashaya, da yadda za a dawo da garke a kaka ba tare da rikici da manoma ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiya gida lafiya.