Gasar Dogayen Benaye: Sin Ta Taka Birki, Larabawa Sun Ƙara Wuta

Ƙasar da ta fi kowa gina dogayen benaye a shekaru 20 da suka wuce ita ce ta fara cewa ya isa haka. A 2021 gwamnatin Sin ta hana gina benen da ya haura mita 500, ta kuma tsaurara sharuɗɗa kan wanda ya wuce mita 250. Dalili a fili yake. A Tianjin, kuɗin masu Goldin Finance 117, mai tsayin mita 597, sun ƙare a 2015, ginin ya yi shekaru a tsaye kango. Hukumomin birane sun daɗe suna cika asusu da kuɗin filayen da suke bai wa kamfanoni, kamfanonin kuma suna gini da bashi, har ofisoshi suka fi masu haya yawa.

A Hong Kong da tsibirin Manhattan tsadar fili ce ke tura gini sama. Amma siraran benayen New York irin su 432 Park Avenue ba su rage wa talaka kuɗin haya ba. Attajirai ke sayen gidajen su adana dukiya, wasunsu ma ba sa kwana ciki.

Dubai kuwa hamada ce, fili har ya yi yawa. Suna ne ta saya da Burj Khalifa, mai mita 828, da aka buɗe a 2010, kuma cinikin ya biya: 'yan yawon buɗe ido sun yi tururuwa, unguwar ta yi daraja. Sai dai da farko Burj Dubai za a kira shi. Bayan Abu Dhabi ta ceci masarautar daga bashi a 2009 ne aka sa masa sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi na lokacin. A Saudiyya kuwa, Hasumiyar Jidda, da ake so ta zarce mita 1,000, ta tsaya a 2018, sai 2025 aiki ya ci gaba gadan-gadan.

Masar ta bi sahu: kamfanin Sin ya gina mata Iconic Tower, kusan mita 400, a sabon babban birninta, alhali bashi ya yi wa ƙasar katutu.

A Legas matsalar ta wuce ta kuɗi. Dogon bene yana son wutar da ba ta ɗaukewa don lif da famfon ruwa, da jami'an da ke duba ƙarfe da kankare tsakani da Allah. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin.