Abin da ke sa gada mai rataye ta yi lilo har ta ruguje

Ranar 16 ga Afrilun 1850, wata bataliyar sojojin Faransa na tsallake gadar Basse-Chaîne a garin Angers, ana iska mai ƙarfi. Gadar ta soma lilo, igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita suka tsinke, mutum sama da 200 suka mutu a kogin Maine. Tsatsa ta riga ta ci gindin igiyoyin, lilon ya ƙarasa su.

Kowace gada na da saurin lilonta na kanta, wanda tsawonta da nauyinta da taurinta ke tsaidawa. Yaro a kan lilo, in ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan sai ya kai shi sama. Haka gada take: takun mutane in ya zo daidai da saurinta, ƙarfin sai ya riƙa taruwa. Shi ya sa ake hana sojoji taku ɗaya a kan gada.

Gadar Tacoma ta Amurka, wadda ta faɗi ranar 7 ga Nuwamban 1940, wata huɗu da buɗe ta, ita ce malamai suka fi kawowa misali a aji, kuma galibi sukan bayyana ta ba daidai ba. Iskar ranar ba ta kai kilomita 70 a sa'a ba, ba kuma bugu-bugu take zuwa ba. Shimfiɗar gadar ce siririya ƙwarai, faɗinta mita 12 kacal a kan tsawon mita 853, gefunanta kuma faranti ne na ƙarfe da ke tare iska. Da ta ɗan murɗe, sai iskar ta canza yadda take bi ta sama da ƙasanta, ta ƙara murɗa ta. Wato motsin gadar ne ke jawo ƙarfin da ke ƙara motsin, har ƙarfe ya gaza. Kare ɗaya kawai ya mutu.

Ko a shekarar 2000 an ga irin wannan a Landan. Gadar Millennium ta masu tafiya a ƙasa ta soma karkarwa ranar da aka buɗe ta, jama'a na daidaita takunsu da motsin don kada su faɗi, abin na ƙaruwa. Bayan kwana biyu aka rufe ta, aka saka mata na'urorin da ke shanye girgiza, ba a sake buɗe ta ba sai 2002.