Yankewar Mai da Shanyewar Birki: Abin da Direbobin Bauchi Za Su Koya daga Masu Tseren Mota

Ko da yake birnin Bauchi ba shi da filin da aka keɓe domin tseren motoci irin na ƙasashen Turai, wanda ya lura da motocin hayar da ke tashi daga tashar Muda Lawal da sauran tashoshin gari, cike maƙil da fasinja da kaya, su nufi Jos ko Kano ko Gombe cikin tsananin zafin bazara, zai tabbata cewa azabar da suke sha ba ta da nisa da wadda motar tsere ke sha. Hanyar Jos kaɗai ta isa hujja, domin a cikin tafiyar kilomita kusan 130 motar da ta taso daga Jos zuwa Bauchi takan sauko daga tudun da ya kai kimanin mita 1,200 bisa teku zuwa wanda yake wajen mita 600, ta ratsa kwanoni da gangaren Panshanu a ƙasar Toro, inda inji da birki duka biyu suke bayyana gaskiyar halinsu.

Ilmin masu tsere kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarar 1975, wadda a cikinta aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a cikinta ne Ove Andersson ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da Peugeot 504, wato 'yar uwar motar da ta yi shekaru tana jigilar iyayenmu tsakanin Bauchi da Maiduguri. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa masana'antar harhaɗa motoci ta Steyr a nan Bauchi. Abin da masu tsere suka yi ittifaƙi a kansa tun da daɗewa shi ne, ba a neman ƙarin gudu sai an tabbatar da abu biyu: mai yana isa inji ba yankewa, birki kuma yana jure zafi.

Mu fara da mas'alar mai. Alamarta sananniya ce ga kowane direba: mota tana lafiya lau a cikin gari, amma da zarar an taka totur a kan hawa, ko an sha doguwar kwana da gudu, sai ta riƙa shaƙewa tana fizga, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo daidai, har idan aka kai ta gareji bakanike ya rasa abin da zai kama. Galibi akan ɗora laifin a kan fulogi, a sauya shi, a sauya kwayil, a wanke nozul, alhali kuwa illar tana can baya cikin tanki. Dalili shi ne, a galibin motocin injekta famfon mai yana zaune ne a cikin tankin, yana zuƙa ta wani ɗan baki mai rariya, kuma wajibi ne ya riƙe matsi na wajen bar 3 a mafi yawansu. To, idan mai ya yi ƙasa, mota kuma ta karkata a kwana ko ta ɗaga kai a hawa, sai man ya kwarara gefe guda, bakin famfo ya zuƙi iska, matsin ya faɗi nan take. Tsohuwar mota mai kafireta tana da ɗan kwano da ke ajiye guzurin mai na 'yan daƙiƙu, saboda haka takan haɗiye irin wannan giɓi. Mai injekta ba ta da wannan rangwame.

Masu tsere sun magance wannan da hanyoyi biyu, ko dai su sa shinge a cikin tanki don hana mai kai-komo, ko su ƙara wani ɗan ƙaramin tanki dogo, siriri, wanda kullum yake cike, babban famfo ya riƙa sha daga gindinsa. Direban haya ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu; abin da yake bukata kawai shi ne kada ya bar tankinsa ya sauka ƙasa da rubu'i. Sai dai a nan ne talauci ya shiga tsakani, domin tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafin mai, mutane da yawa sun koma sayen lita kaɗan-kaɗan, motarsu kullum allura tana kwance a kan ja. Ban ga laifin mai ƙaramin ƙarfi ba a cikin haka, amma ya kamata ya san cewa man da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya famfon, kuma famfon da ya saba aiki a bushe rayuwarsa gajera ce. Ga kuma man 'yan bumburutu na bakin hanya, wanda ƙura da ruwa sukan shiga jarkarsa, su je su toshe rariya da filta.

Bakaniken da ya san sana'arsa ba ya hukunci da zato. Zai ɗaura ma'aunin matsi a bututun mai, ya duba shi lokacin da injin ke jan nauyi, ba lokacin da yake tsaye a silo kaɗai ba. Zai cika tanki ya sake bin hawan nan, in ciwon ya ɓace ya san inda ya fito. Zai buɗe murfin tanki ya saurara, domin idan hanyar shaƙar iskar tanki ta toshe, famfo yakan yi ta fama da tankin da ya tsuke. Sa'an nan ya bi waya da rile da mahaɗar as, tun da famfon da wuta ba ta isa gare shi sosai daidai yake da gajiyayye. Kada kuma a ɗauki wannan fizga a matsayin ƙaramin abu, saboda injin da iska ta rinjayi mansa a ƙarƙashin nauyi yakan yi zafi fiye da ƙima, har ya ƙone bawul ko ya huda fistin. Mafi muni ma, mota ta yanke wa direba yana tsakiyar wuce tirela.

Amma mas'alar birki ta fi girma, domin a cikinta rai ne kai tsaye. Birki ba ya yin komai face mayar da gudu ya zama zafi, kuma ƙa'idar lissafi ta tabbatar da cewa idan gudu ya ninka biyu, zafin da za a zubar ya ninka huɗu, kafin a zo ga lodin da aka ɗaure a bayan mota har but ba ya rufuwa. Shanyewar birki iri biyu ce, kuma ƙafar direba tana iya bambance su. Idan feda ta tsaya da ƙarfinta amma mota ta ƙi tsayawa, ga wari yana tashi, to takalmin birki ne ya wuce haddin zafinsa. Idan kuwa feda ta yi laushi ta nutse ƙasa, to man birki ne ya tafasa, ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai.

Man birki yana da ɗabi'ar shan danshi daga iska, wannan ita ce babbar illarsa. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, na DOT 4 digiri 230, na DOT 5.1 digiri 260. Amma idan ruwa ya shige su da abin da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ma'aunin yakan sauko zuwa 140, da 155, da 180. Don haka ne masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Motoci nawa ne a Bauchi aka taɓa yi musu haka tun da aka shigo da su daga Kwatano? Ciko kawai ake yi. A kula kuma, DOT 5 wani jinsi ne dabam, ba a gauraya shi da sauran.

Samarinmu masu sha'awar wasan mota, waɗanda hankalinsu ke tafiya ga manyan fayafan birki masu huji da jan fenti, ya kyautu su san cewa gyaran birki yana da tartibi, kuma ba a gabatar da nafila a kan farilla. Farko sabon mai da fitar da iska daga bututu, sa'an nan takalmi na ainihi ba jabu ba, a duba kaurin faifai, a sauya tiyon roba da ya kumbura, a tabbatar birkin baya yana aiki, ba an toshe bututunsa da ƙusa don yana yoyo ba, kamar yadda wasu marasa tsoron Allah ke yi. Babban faifai ba ya rage nisan tsayawar farko. Falalarsa ita ce ɗaukar zafi idan aka yi ta maimaita taka birki, kuma da wannan falala ce motar Jaguar mai birkin faifai ta ci gasar Le Mans ta Faransa a 1953. Abin da ke tsayar da mota a ƙarshe taya ce, sanƙararriyar taya kuwa ba birkin da zai cece ta.

Akwai wata al'ada da ta haɗa mas'alolin nan biyu wuri ɗaya, ita ce ta fi tayar mini da hankali: direba ya saki mota a firi a kan gangara, wani ma ya kashe injin ɗungum, wai yana tsimin mai. Wanda ya yi haka ya ɗora wa birki kaɗai nauyin da inji ya kamata ya taya shi ɗauka, in kuwa ya kashe injin, taku biyu ko uku suka rage masa kafin taimakon iskar da ke sauƙaƙa feda ya ƙare. Abin takaici, tsimin ma babu shi, domin mafi yawan motocin injekta da kansu suke tsayar da mai idan suna gangara cikin giya ƙafa ba ta kan totur, a firi kuwa dole su sha don kada injin ya mutu. Rayukan fasinja amana ce, kuma tawakkali ba ya halatta sakaci.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Bauchi, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da su sa duba man birki da taya cikin sharuɗɗan ba mota layin lodi, su kuma hana sakin firi a hanyar Jos. Kai kuma mai karatu, in Allah ya sa kana cikin mota ka ji direba ya zare giya a kan gangara, yi masa magana cikin ladabi tun kafin ku kai kwana.