Umarnin da Ba Ya Yankewa: Sankarar Jini da Kumburin Saifa

A Birnin Kudu da Gwaram, in saifa ta kumbura, zazzaɓin cizon sauro ake fara zargi. Amma wani sa'in sankarar jini ce. Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai da umarni, kuma wasu sinadarai, inzayim, ke isar da shi. Idan kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure, sai a sami gurɓataccen inzayim, BCR-ABL, wanda ba ya yin shiru. Fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa har su cushe saifa.

Maganin imatinib, da Amurka ta amince da shi a 2001, shi ke toshe masa baki. A 2003 aka fara bayar da shi kyauta a Nijeriya, amma can Ile-Ife, tafiyar da ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi.